Sunan Gwaggo Mairama a Babi na Huɗu

Kailani ya kwashe shekaru yana binciken yadda ƙarya ke yawo a wayoyin mutanen Tudun Wada, abin da duk mai zama a teburin mai shayi zai faɗa masa kyauta. Amma jami'a ba ta ba da digirin digirgir a teburin mai shayi, don haka ya rubuta kundi. Babi na huɗu ne ƙashin bayan kundin, kuma kusan dukansa hira ce da ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Mairama.

Gwaggo tsohuwar shugabar makaranta ce, 'yar gidan malamai, kuma ita ke riƙe da zauren WhatsApp na matan layinsu. Dokarta ɗaya ce: duk saƙon da ya fara da "an ce", gogewa take yi, sannan ta kira wadda ta turo ta tambaye ta wa ya ce. Da haka ta kashe labarin ruwan gishiri mai maganin kowace cuta, da na attajirin da ke raba firji ga duk wanda ya danna shuɗin rubutu.

Ana gab da ranar kare kundin, Kailani ya kai mata babin ta sa albarka. Ta ɗora tabarau, ta karanta shafi guda, ta ɗago.

"Wace ce kuma Mai Amsa ta Bakwai? Matar nan tana da kai."

"Ai ke ce, Gwaggo."

"Ni? Ranar sunana rago aka yanka, ban ji an raɗa mini lamba ba."

"Ƙa'idar bincike ce. Ana ɓoye suna don a kare sirrin mutum."

"Sata na yi? Kakanka bai taɓa kawo magana ba sai ya ce daga wane, daga wane. Kai kuma ka tsufa a makaranta kana yaƙi da 'an ce', ka dawo ka mai da ni 'an ce'. Ko ka sa sunana, ko ka cire maganata."

Tana da ikon janyewa, kuwa. Shi da bakinsa ya bayyana mata haka ranar hirar farko, yana ji da kansa.

Malamin da ke duba aikinsa ya ce babu laifi a sa sunanta tunda ita ta nema, muddin hakan ba zai tona asirin wani ba. A nan gizo ke saƙar. A cikin babin akwai shafi biyu na wata mai sayar da awara, Rauda, wadda waya ɗaya suke amfani da ita da mijinta mai tuƙa keke napep. Ta gaya wa Kailani cewa idan mijin ya bar wayar a caji, takan tura wa wata nas da ke zauren tambayoyi a kan lafiyarta, ta saurari amsa, ta goge kafin ya dawo daga masallaci. Da zarar sunan Gwaggo ya fito, an san zauren, an san layin, kuma mai awara ɗaya ce a layin.

Ya koma ya yi wa Gwaggo bayani, ba tare da ya kama suna ba.

"Rauda kake nufi," in ji ta. "To ka ce funkaso take sayarwa mana."

"Gwaggo, ƙarya a cikin kundin yaƙi da ƙarya?"

"To ka ce mijin tela ne."

"Duk ɗaya ne."

"Ikon Allah. Ni dai ban ce a tona yarinyar mutane ba. Amma da tsufana ba zan koma lamba ba. Kai ne mai boko, ka san yadda za ka yi."

Gwaggo tana da wayarta ita kaɗai, mai buɗewa da yatsa, da ɗakinta mai makulli, da sirrin da ya yi mata yawa har tana neman rabarwa. Kailani ya lura sosai da wannan bambanci tsakaninta da Rauda. Da ma a kan irinsa ya rubuta babi na biyu, har ya kawo maganganun masana daga ƙasashe daban-daban. Sai ya auna tsawon hirar Gwaggo da ta Rauda, ya tuna ranar karewa, ya cire Rauda.

Ya so ya sanar da ita. Ya buga lambar, muryar namiji ta amsa a cikin ƙarar keke.

"Wa ke magana?"

"Yi haƙuri, Malam, kuskuren lamba ne."

Ranar kare kundin Gwaggo ta zo da lulluɓinta na zuwa biki, ta zauna a sahun gaba, tana gyaɗa kai duk lokacin da aka ambaci Hajiya Mairama Uwais. Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya yaba aikin ƙwarai. Gyara ɗaya kawai ya gani: kundin da ke magana a kan rashin daidaito wajen sirri, amma babu muryar ko da mace ɗaya daga cikin masu aron waya.

"Ba ka samu irinsu ba ne a Tudun Wada?"

Kailani ya ce wannan giɓi ne babba, kuma yana fatan masu bincike na gaba za su cike shi. Farfesa ya ji daɗin amsar. Aka ba shi digiri.