Siminti a Cikin Akwatin Wuta

Shekara talatin da biyu Inna tana zaune gaban sikeli tana sayen tsohon ƙarfe da tagulla, ba a taɓa cutar ta a awo ba. Ko sunanta ba ta iya karantawa. Amma ka miƙa mata abu ta ɗan jijjiga shi a hannu, za ta faɗa maka nauyinsa kafin allurar sikeli ta tsaya. A wurinta abu mai nauyi shi ne na gaske, marar nauyi kuwa yaudara ce. To, da wannan sanin nata aka kayar da ita.

Ɗanta Dogo birkila ne, ko a ce da can. Bara ya faɗo daga hawa na uku, ƙafafu suka mutu, matarsa ta kwashe kayanta bayan wata biyar. Tun daga nan ya juya wa duniya baya ya fuskanci bango. A kawo abinci, a ɗauke abinci. Sai ran nan ya buɗe baki ya ce kwamfutar wasa yake so ya haɗa, wai tsoffin abokan aikinsa suna tseren mota ta intanet, kowa daga ɗakinsa. Inna ba ta gane ko kalma ɗaya ba, amma ta ga idonsa ya buɗe, sai ta ce a yi.

Ya sayar da injin yankan tayil da sauran kayan aikinsa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa ya yi mako uku yana duba waya, yana rubutawa yana sokewa. Katin hoto, wanda shi ke zana wasan a allo kuma shi ya fi komai tsada, ya saya na hannu wurin wani abokinsa. Sauran ya rubuta a takarda.

"Inna, kin ga na ƙasan nan? Akwatin wuta ne, shi ke raba wa kowa wuta. In ya yi tari, duk gidan ya kwanta. Mai ƙarfin wat ɗari biyar da hamsin, irin da na rubuta. A nan kaɗai ban yi tsimi ba."

Shagon kayan kwamfutar a saman bene yake, matakala ashirin da biyu, keken guragu ba ya hawa. Ita ta je.

Mai shagon, wani mai gilashi mai zaƙin baki, ya karanta takardar ya jera mata kaya. Da aka zo kan akwatin wuta sai ya ajiye guda biyu.

"Mama, ga wanda aka rubuta. Wannan kuma wat ɗari bakwai ne, ya ma fi araha."

Ta ɗaga na farko. Ta ɗaga na biyu, ta ji ya ja hannunta ƙasa. A sana'arta nauyi irin wannan tagulla ce. Mai gilashi yana kallon hannunta, ya yi murmushi ya ce, "Lallai Mama kin san kaya."

A gida Dogo ya juya kwalin ya ce, "Inna, ba wannan na rubuta ba."

"Ɗaga ka ji. Ni za ka koya wa ƙarfe? Tun ba ka da haƙora nake auna shi."

Ya ajiye kwalin. Bai saba musu da ita ba, kuma ya ƙagu ya fara wasan.

Kwana tara gidan ya zama gida. Ihu, dariya, zagi, Dogo yana tsere da abokansa. "Kai mai kan bulo, matsa min!" Har ƙarin abinci ya nema. Rana ta goma da la'asar, tana wanke kwanuka, ta ji ɗas! Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki. Ta tarar da shi riƙe da katin hoto, gefe ɗaya ya yi baƙi.

Ya ajiye katin. Ya ɗauki sukundireba ya kwance akwatin wutar. A ciki, ban da 'yan wayoyi sirara kamar zare, ga wani dunƙule an naɗe shi da tef mai ruwan ɗorawa. Ya ɓare tef ɗin, ya ƙanƙara da farce.

"Siminti ne, Inna. Ko kwaɓin ma bai yi kyau ba, yashi ya yi yawa."

Ya yi wata 'yar dariya wadda gara a ce kuka ya yi, ya juya ga bango.

Da safe ta hau matakalan nan ashirin da biyu, gwiwa na ƙara, ta dangwara dunƙulen a kan gilashin kantar shagon.

"Ɗan nan, ni ka sayar wa bulo?"

"Mama, a hankali da gilashin. Ai ke kika zaɓa da hannunki."

"Da hannuna, e. Kai kuma da idonka kana kallo. Ka ga tsohuwa ba ta karatu, sai ka miƙo mata abin da hannunta zai so."

"Wallahi haka aka kawo min a kwali. Ni ina shiga cikinsu ne?"

"To me ya sa yake da araha? Don kana ƙaunata? Uwarka ce ni?"

Wata mata da ke tsaye da irin kwalin a hannu ta ajiye shi a hankali ta sauka. Mai gilashi ya ga haka, ya yi maza ya ɗauko akwatin wutar da Dogo ya rubuta tun farko.

"Riƙe wannan, mun rabu lafiya."

"Katin fa?"

"Ba a nan aka saye shi ba. Ba ruwana da shi."

"Bulonka ne ya kashe shi."

"Kina da takardar shaida?"

Takarda. Kullum da takarda suke gamawa da irin su Inna.

Dogo ya ɗaura sabon akwatin don kar ta ji ciwo. Fanka ta juya, ƙaramar fitila ta kama, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Wayarsa ta yi ta ruri, abokan tsere ne, bai ɗauka ba.

Washegari Inna ba ta buɗe sikeli ba. Ta ɗauki kujerarta ta zauna a gindin matakalar shagon, dunƙulen a cinya. Duk wanda zai hau sai ta miƙa masa.

"Ɗaga ka ji. Daga sama na sayo shi, a cikin akwatin wuta."

Wasu su yi dariya su wuce. Wasu su juya. Mai gadi ya zo, ta ce ya taɓa ta ya gani. Ruwa ya dake ta rana ta biyu, ba ta motsa ba. Masu kawo mata ƙarfe suka fara kai wa maƙwabcinta.

Rana ta huɗu mai gilashi ya sauko, fuska a murtuke, da wani tsohon kati mai ƙura.

"Bai kai wancan ba, amma yana aiki. Don Allah ki tashi min daga ƙofa."

Ta karɓa. Hannunta ya soma jijjiga shi kamar yadda ya saba, sai ta tsayar da shi.

"Ban sani ba," in ji ta. "Sai ɗana ya gani."

Katin ya kama. Motar tana tafiya tana tsayawa kamar mai ɗingishi, kafin ta sha kwana sauran sun isa. Dogo ya zo na ƙarshe sau uku a jere, abokan suka yi masa tsiya, ya rama ɗaya da murya ƙasa-ƙasa. Ba ihun kwanakin nan tara ba ne. Amma bai juya ga bango ba.

Inna ta koma bakin sikelinta, dunƙulen simintin na gefe a kan tebur. Yanzu in aka miƙo mata ƙarfe ba ta ƙara faɗin nauyinsa. Sai ta ɗora, ta jira allura ta tsaya.