Dankali a Idon Delbert

Duk mai walda a arewacin lardin Alberta ya san maganin idon da hasken walda ya ƙona: a yanka ɗanyen dankali, a ɗora a kan idon, a kwanta. Kwana biyu, ciwon ya wuce. Delbert Kowalchuk ya shekara ashirin da shida yana haɗa bututun mai, kuma shi ne ma mai koya wa sababbin shiga wannan dabara, da taƙamarsa.

Don haka da idonsa na dama ya yi ja, bai tsaya tunani ba, ya nufi buhun dankali.

Kwana uku, shiru. Kwana biyar, hasken taga ma ya zame masa abokin gaba. Ciwon ba irin na yashi a ido ba ne da ya saba, wannan daga can ciki yake sukarsa har goshi. Ya ji bambancin sarai, amma taurin kai ya hana shi faɗa.

"Del, dankalin miya ka ƙarar mana," in ji matarsa Marnie. "Tashi mu je asibiti."

"Haba, Marnie! In je in ce wa likita walda ta ƙona ni? Su Gord su ji a wurin aiki, ai na shiga uku da tsiya."

"To Gord ɗin zai ara maka ido?"

Tsoro ya riga ya kama shi, don mai waldar da ba ya ganin narkakken ƙarfe da ido biyu, aikinsa ya ƙare. Ranar da ya zuba kofi a gefen kofin maimakon ciki, Marnie ta ɗauki makullin mota ba ta ko tambaye shi ba.

Likitar ido, Dakta Sandhu, ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska idon, ta daɗe tana kallo.

"Bayanka yana ƙagewa da safe?"

"Shekara da shekaru. Aiki ne."

"Wataƙila ba aiki ba ne, za mu gwada jininka. Wannan ba ƙunar walda ba ce, Malam Kowalchuk. Ita a saman ido take tsayawa. Kai kumburi ne a cikin idon, jikinka ne ke yaƙar kansa. Har baƙin idon ya manne da abin da ke bayansa."

Ta yi masa bayanin magani: na ɗigawa kowace awa don kashe kumburin, da wani mai buɗe ƙwayar ido ko mannewar za ta saki. Ba walda sai ta ba shi izini. In ya ji sauƙi ya daina da kansa, ciwon zai dawo da ƙarfinsa.

"Amma ganin zai dawo, ko?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Yaushe ya fara?"

"Kwana uku ke nan," in ji Delbert, yana kallon takalminsa.

"Goma sha tara," in ji Marnie.

Likitar ta ajiye alƙalami, ta dube shi.

"Da kwana ukun ne, da na ce maka e ba tare da na yi tunani ba."

Delbert ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya juya wajen matarsa. Ya ga jar rigarta. Fuskar ce bai gani ba.