Ƙafar Akawal

Ni dillalin dabbobi ne, kuma na daɗe a sana'ar har na san fuskar mutumin da ya zo sayar da abin da ba ya son rabuwa da shi. Da irin wannan fuskar Alhaji Zakariyya'u ya same ni a Tudun Wada. Tsohon tela ne, ya bar wa 'ya'yansa shago ya koma gonarsa a Kakau da zama, shi da baƙin dokinsa, Akawal.

"Garba, nemo mini masu kai dawaki kudu," ya ce.

Kowa ya san dokin da ya hau tirelarsu yanka shi za a yi. Na ce mu je in gani tukuna.

Na tarar da Akawal tsaye da ƙafa uku. Ta gaban dama ta kumbura daga saman kofato, da zafi kamar an ɗora ta a murhu, bakin kofaton kawai yake taɓa ƙasa. Ƙaya ce ta soke shi shekaranjiya, hudar ma sai ka duƙa za ka gan ta. Wanzamin unguwa ya ce a yi sakiya, Alhaji ya kasa yarda a sa wa dokinsa jan ƙarfe. Ni kuma na tuna da wata likitar dabbobi a Gonin Gora, Dokta Juliana, da na taɓa gani tana ɗinke cikin saniya a bakin titi ko gezau. Na kira ta.

Ta iso a bayan babur da akwatinta a cinya. Alhaji ya dube ta, ya dube ni.

"Wannan yarinyar? In ya harbe ta me zan gaya wa iyayenta?"

"Baba, ka ce musu a bakin aiki na faɗi," ta ce, tana naɗe hannun riga. "Riƙe mini kansa."

Ta yi wa dokin allurar da ta sa ya sunkuyar da kai, ta aske gashin wurin, ta wanke, ta sake wankewa har na ƙosa. Sannan ta soka allura ta zuƙo wani ruwa gurɓatacce, ta ɗaga sirinjin Alhaji ya gani. Ta ce jijiyar da ke lanƙwasa ƙafar doki a cikin kube take, kamar wuƙa, da ɗan maiƙo a ciki don ta riƙa zamewa. Ƙayar ta huda kuben, ƙazanta ta shiga ta rasa mafita. Magani ta baki kaɗai ba zai kai can ba.

Abin da ta yi daga nan ban taɓa gani ba. Ta kafa allura ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ta rataye ledar ƙarin ruwa a reshen mangwaro, ta ce in matsa da iya ƙarfina. Ruwan yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, da farko kamar tsinkakken kunu, a hankali har ya zama garau. Leda ta ƙare ta ɗaura wata. Hannuwana suka sage, ita kuwa tana durƙushe cikin kashin doki tana yi masa magana da yarensu. Daga baya ta ɗaure ƙafar da roba a sama, ta zuba magani a jijiyar jini don ya tsaya a wurin, ta naɗe da bandeji mai kauri.

Ta yi ta zuwa tana maimaitawa har zafin ya sauka. Ranar da kumburin ya saɓe ta ce saura aikin Alhaji.

"Ka daina ɗaure shi a turke ta ƙafa. Kuma kullum da safe ka ja shi ku taka. In bai motsa ba jijiyar za ta manne da kuben, ya gurgunce duk da wahalarmu."

"In hau shi a hankali ke nan?"

"A ƙasa, Baba. Kai a gaba, shi a baya."

Nan ne na zaci za a watse. Mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa ganinsa gaban doki da igiya ba, wanda yake cewa jan doki aikin barori ne! Ga Akawal ba ya yarda da hannun kowa sai nasa. Alhaji ya shafa gemu.

Washegari kuwa ya fito. Babbar riga, hula, gwiwa mai ciwon sanyi, yana janye da doki ta gaban masu shayi.

"Alhaji, mai ya ƙare ne?"

"A'a, yau dokin ne ya ɗauki Alhaji aiki!"

"Ku dai sha shayinku," yake cewa, ko juyowa ba ya yi. Da tsiyar ta yi yawa sai ya ƙara: "Ya ɗauke ni shekara da shekaru, bai taɓa tsayawa sauraron surutunku ba."

Haka ya yi ta yi har damina ta ja baya. Masu shayi suka gaji, suka koma tambayar jikin mara lafiya.

Ranar da Dokta ta zo dubawar ƙarshe ina wurin. Ta riga ta gaya mana ba kowane doki ke tashi daga wannan ciwo ba, don haka kowa ya zuba mata ido. Ta latsa, ta lanƙwasa, ta sa aka ja Akawal gaba da baya. Alhaji ya manta bai ba shi dusar safe ba. Akawal ya hango kwanon, ya yi haniniya, ya ɗaga ƙafar hagu ya shiga tonon ƙasa da fushi, ƙura na tashi.

"Kai, mara kunya, bari mana!" in ji Alhaji.

"Baba, bar shi," ta ce. "Dubi a kan wace ƙafa yake tsaye."

Muka duba. Duk nauyinsa a kan ta dama yake, kofato shimfiɗe a ƙasa, ko rawa ba ta yi.

Alhaji ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya share fuska da ita.

"'Yata," ya ce, "yaushe zan hau?"

"Sai bayan wata guda. Kuma tafiya kawai, ban da sukuwa."

"Ka ji ta, Garba? Wai ban da sukuwa."

Ya tashi ya ɗauko kwanon dusar.