Gwangwanin Baƙin Mai

Notin ya suɓuce daga yatsuna ya faɗa cikin gwangwani, baƙin mai mai zafi ya bi hannuna har gwiwa. Na yi tsalle ina yarfe hannu. Daga kan tabarma Yaya Babandi ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da Huseina matarsa ta miƙo ruwa ta bayan labule.

"Tela ke nan," ya ce da numfashinsa ya dawo. "Allura ba ta faɗuwa a hannunka, sai noti."

Ni Sammani, ɗinki nake yi a Sabo, unguwar Hausawa a nan ƙasar Yarbawa, ɗakina na jikin nasa shekara goma sha ɗaya. Na iya hawa babur, amma ban taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba. Sati biyu ke nan da asibiti suka sallamo Yaya Babandi, suka ce a kai shi gida ya huta. Kowa a layinmu ya san ma'anar wannan hutu. Ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rawaya.

Damuwarsa ɗaya ce, ƙaramin jan babur ɗin nan. Huseina tana soya ƙuli-ƙuli tana matse man gyaɗa a cikin gida, shi kuma duk Litinin da Alhamis ya ɗaure kaya ya kai wa masu sari a Kasuwar Shasha. Da wannan sana'ar ce gidan ke ci. Tun da ya kwanta kayan suke jibge, har masu sarin sun aiko cewa in ba a gani ranar Alhamis ba za su nemi na wata. Na ce zan riƙa kaiwa. Ya ce ya yarda, amma ba zai ba da makulli ga wanda bai iya juye baƙin mai ba, don injin da aka bari da yunwa wata uku yake yi ya mutu.

Shi ya sa ranar Laraba da la'asar nake durƙushe a tsakar gida. Ya sa na tayar da injin ya ɗumama, na kafa babur ɗin a ƙafarsa ta tsakiya, na kwance notin ƙasa da sifana. Ya ce in bar shi ya tsiyaye tas, kada in yi gaggawa. Tsohon man kuma kada ɗigo ya zube, na masallaci ne. Shekara da shekaru shi ke shafa wa makarar unguwa don kada gara ta ci katakon. Iya, Bayarabiyar da ke da gidan, ta wuce da tsintsiya tana cewa Baba Babandi ya fi tausayin ƙarfe a kan mutum. Ya ce ai ƙarfe ba ya zuwa karɓar kuɗin ruwa da asuba. Ta yi dariya, ta juya tana goge ido da haɓar zane.

Kafin in laluɓo notin ƙarfinsa ya ƙare. Ni da Iya muka kama shi muka kai ɗaki. Na dawo ni kaɗai na ɗaure noti, na ɗura sabon mai da mazurari, na rufe. Na ji kamar na ci jarrabawa.

Da safe na fito na tarar da baƙin tabo a ƙarƙashin babur, faɗinsa ya kai faranti. Huseina ta riga ta fito da kaya, galan biyu da buhun ƙuli. Kunya ta kama ni. Na sa ƙafa na tura yashi na rufe tabon, na ɗaure kaya, na buga kik.

Injin bai yi minti ɗaya yana aiki ba Huseina ta ɗaga labule.

"Malam Sammani, ya ce ka kashe. Ka kashe yanzu."

Na shiga. Yana kwance idonsa a rufe. Ya ce daga nan ya ji ƙarfe na cin ƙarfe, da na kai Ojo, kan hanyar kasuwa, da injin ya kama. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Akwai 'yar wosha da ke zama a wuyan notin," ya ce a hankali. "Tana cikin gwangwani. Sa hannu, Tela. Wanki ne kawai."

Na tsoma hannu har wuyan hannu, na ciro ta, 'yar ƙarama kamar maɓallin riga. Na sauke kaya, na sake komai daga farko. Na sa wosha, na ɗaure daidai ba tare da na matse har ya ci zare ba. Na aika aka sayo wani man a Mokola. Na ɗura kaɗan kaɗan, na zaro sandar awo na goge, na mayar, na sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin layi biyu. Sannan na buga kik.

Na leƙa ta taga. Ya saurara tsawon lokaci, kansa a karkace.

"Yanzu ya ƙoshi," ya ce. "Tafi, rana na yi."

Na kai kaya Shasha kafin azahar, masu sari suka karɓa, suka ce a gaida mai jiki. A hanyar dawowa ruwa ya tsare ni a wata rumfa kusan awa guda. Da na shigo layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, Iya zaune a dakali ta ɗora hannu biyu a ka. Na kashe injin tun daga nesa, na turo shi da hannu.

Bayan la'asar aka yi masa sallah. Da na sa kafaɗa a ƙarƙashin makara sai ƙamshin baƙin mai ya bugi hancina. Katakon sumul, ko ramin gara ɗaya babu.

Ranar Litinin Huseina ta turo kaya ta ƙarƙashin labule. Na ɗaure. Kafin in hau na durƙusa na leƙa ƙarƙashin babur, ƙasa a bushe. Gwangwanin yana jikin bango inda na bar shi, an kifa masa murfin tukunya don kada ruwan sama ya shiga.