Duniyar da Baba Ya Zana Ba Tsani

Shekara ashirin da suka wuce mahaifina ya zana rana da duniyoyi tara a bangon makarantar da nake koyar da kimiyya yanzu. Mai fenti ne, kuma wada ne, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Takwas ɗin sai da ya hau tsani. Ta tara, Fuluto, 'yar ƙarama can ƙasa a ƙurya, ita kaɗai ya zana yana tsaye a ƙasa, don haka ita ce 'yar lelensa.

Ranar Litinin hedimasta ya kira ni ofis. Masu duba makarantu za su zo, sabon littafi kuma takwas ya ce. In kira Baba ya shafe ta tara. Raina ya ɓaci, amma na kira shi, tunda ni ma takwas nake koyarwa.

Baba ya zo da gwangwanayen fenti da burushi, ya tsaya gaban bango.

"Wane laifi ta yi?" ya tambaye ni.

Na ce masana taurari sun kafa sharaɗi uku. Ta kewaya rana, ta zama dunƙulalliya saboda nauyin kanta, sannan ta share hanyarta daga duk wani tarkace. Biyu ta cika, na ukun ya gagare ta.

"Wato laifinta ba ta kori maƙwabta ba."

Hedimasta, wanda ba ya iya ganin ana magana ba shi a ciki, ya sa baki. "Baba, ba abin dogon zance ba ne. Wada ce, haka masana suka kira ta. Ba a ƙirga ta."

Sai da kalmar ta fita ya duba ƙasa ya ga wanda yake faɗa wa. Ya hau gyaran wuyan riga. Ni kuwa kunya da fushi suka rufe ni, na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini burushi alamar in yi shiru.

"Ita kaɗai ce wadar?"

Na ce, "A'a, Baba. Biyar ne aka amince da su. Ana kuma sa ran ƙari."

"Faɗa mini inda kowacce take."

Na buɗe sabon littafin na nuna masa. Ko taɓa farin fentin shafewa bai yi ba. Ya sabunta Fuluto, ya ƙara uku a gefenta, ta huɗun kuwa ya ja tsani ya sa ta tsakiyar manyan, inda littafi ya ce take. Ƙarƙashin kowacce ya rubuta sunanta, da kalmar "wada" da manyan baƙaƙe.

Hedimasta ya ce, "Shafewa fa na ce."

Baba ya miƙa masa burushin, da fenti yana ɗiga.

"Littafinku ne ya ce suna nan, Malam. Takwas ɗinka ban taɓa ba. Idan kana son shafe mu, sai ka durƙusa."