Tarminah Ba Ta Je Awo Ba

"A hankali mana, ke! Bayan mutum ne, ba ɓawon kwakwa ba," in ji Tarminah, fuskarta a kife bisa matashi.

Ropiah, matar ɗanta, ba ta sassauta ba. Ta sake tsoma tsohon kwabon cikin man kwakwa, ta ja shi daga tsakiyar baya zuwa haƙarƙari. Wani jan layi ya fito kusa da 'yan'uwansa.

Bu Warsiti na tsaye a bakin ƙofa cikin shuɗin ankon ƙungiyar mata, jakarta a hammata. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da lissafi a firamaren garin, shi ya sa babba da yaro Bu Guru suke ce mata, wato malama. Bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Tarminah tun suna amare.

"Dubi yadda ya yi ja, Bu Guru," in ji Ropiah da murna. "Iska ce ta shige ta. Ga ta nan tana fita."

"Ko ni kika kankare haka sai na yi ja, da lafiyata lau." Bu Warsiti ta ture kwandon kifi da ƙafa ta zauna a bakin gado, ta kira ta da sunan da ta saba, Yu Tar, wato Yaya Tarminah. "Yu Tar, ina ne ke miki ciwo?"

Tarminah ta juyo da ƙyar. Gumi ya jiƙe mata gashi, ga shi ko hantsi bai yi ba.

"Nan." Ta dafa ƙirji. "Kamar an ɗora mini buhun gishiri. Da muƙamuƙi kuma. Haƙorin ma da babu shi ciwo yake."

"Hannun fa?"

"Ya ɗan yi nauyi. Kwanciya na yi a kansa."

"Tashi ki sa riga. Likita na zauren gari."

"Ba ni zuwa."

Bara ne gwamnatin lardi ta ware wa garin tallafi. Wai bincike ya nuna matan bakin teku masu gyaran kifin gishiri suna riga matan birni mutuwa da shekaru. Bu Warsiti ta ce da ita aka tambaya da an huta da binciken, don ita ke ɗinka likkafanin unguwa. Aka haɗa wata jami'a da ƙaramin asibitin gunduma da ƙungiyar matan gari, aka ce su yi aiki tare. Aka kawo na'urar awon jini, aka riƙa ba mata arba'in da shida maganin hawan jini kyauta duk wata, aka sa su motsa jiki da kiɗa ran Lahadi. Abin ya yi amfani, wannan ko ita mai gardama ba ta musa ba.

Yau ne masu dubawa suka zo. Za su auna duk wadda ta hallara. In jinin mafi yawa ya sauka, a ƙara wa garin shekara biyu. In bai sauka ba, a kai tallafin inda aka fi jin magana. Tare da su akwai likitar zuciya da na'urarta, irin wadda garin bai taɓa gani ba. Asibitin da ke da irinta tafiyar awa biyu ne, shi ma sai in tumbatsar teku ba ta shanye hanya ba.

Shekaranjiya da yamma Bu Lurah, matar dagaci, wadda ke shugabantar ƙungiyar, ta zaga gidaje biyar da farantin soyayyar ayaba. Gidajen waɗanda jininsu ya ƙi sauka ne. Ba ta ce wa kowa kada ta zo ba. Ba a haka a garin. Cewa ta yi ranar za a yi zafi, ga tsayuwa, ga cunkoso, wadda ba ta jin ƙarfi ta huta abinta, ba mai ganin laifinta. Kowa ta ci ayaba ta gane.

Jinin Tarminah kuwa bai taɓa yin ƙasa da ɗari da casa'in ba. Tun tana 'yar shekara tara hannunta ke cikin ruwan gishiri, da harshe take gane ko ya ji. Ranar da ma'aikaciyar jinya ta ce ta rage gishiri, dariya ta yi har da hawaye, ta ce a je a gaya wa teku tukuna.

"Yu Tar, wannan ba iska ba ce," in ji Bu Warsiti. "Haka mijina ya fara, kin gani da idonki."

"Mijinki taba ce ta kashe shi, da surutunki."

"Na ji. Tashi."

"In je su ɗaura mini abin nan ya nuna ɗari biyu? A janye maganin mutum arba'in da shida saboda ni? Da wane ido zan kalli maƙwabciyarmu Kasmi a bakin rijiya? Uwarta da ƙwayar nan take miƙewa."

"Mutum ɗaya ba ya rusa..."

"Ke malamar lissafi ce. Kalle ni ki faɗa."

Bu Warsiti ta yi lissafin a ranta. Ita ke riƙe da littafin awo. Ta san tsakanin ci da faɗuwa bai wuce kai ɗaya ko biyu ba.

"Kin gani," in ji Tarminah, ta koma ta kife. "Ropiah, yi ɓangaren hagu."

"To ni zan kawo miki likitar har gida."

"Ki tona mana asiri gaban baƙi? Ga gidan duk ƙarni, ko tabarmar kirki babu." Ta numfasa. "In kin tashi dawowa ki ɓoyo mini wainar kwakwar nan mai launin kore. Na san Bu Lurah ta yi odarta."

Bu Warsiti ta fita. Lungun ya yi tsaf kamar ba nasu ba. An kwashe shanyar kifi daga bakin hanya an kai bayan maƙabarta, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, an ɗaure awaki. Sauri take, har takalminta na zamewa a laka.

Niyyarta ta wuce kai tsaye wurin likitar. Amma tana shiga aka tare ta. Wannan ta kama hannunta ta sumbata, waccan ta karɓi jakarta, aka kai ta kujerar gaba kusa da matar dagaci, aka aje mata shayi. Likitar na can kan dandamali tsakanin manyan baƙi, yarinya ce siririya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar ɗiyarta ba. Tsakaninsu taku goma ne. Sai dai wakilin lardi ya riga ya miƙe ya kama lasifika, kuma a garin nan ba a ratsa gaban babba yana magana. Ita da kanta ta koya wa rabin mutanen zauren haka, da rula.

Ta sunkuya ta raɗa wa Bu Lurah. "Tarminah ba lafiya. Ƙirji ne. Ina son likita ta gan ta yanzu."

"Ya Allah." Fuskar Bu Lurah ta canza, ba da wasa ba. "Da an gama jawabi, Bu Guru. Ni da kaina zan raka ta."

Wakilin ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu. Ya ce lafiya uwar jiki ce, aka tafa. Ya ce gwamnati ba za ta bar kowa a baya ba, aka tafa. Ya ce garin nan abin koyi ne wajen haɗin kai, don ko ɗazu da ya shigo bai ga mutum ɗaya mai alamar ciwo ba. Bayansa mutumin jami'a ya tashi da nasa allon da zane-zane. Bayansa dagaci. Sannan mata suka jeru suka yi motsa jikinsu na Lahadi, baƙi na ɗaukar hoto. Shayin Bu Warsiti ya huce, ƙuda ya faɗa ciki.

Awo ya yi nisa kafin ta samu ta miƙe. Bu Lurah ta riƙe mata tsintsiyar hannu, riƙo mai taushi.

"Saura mutum goma sha biyu a sa hannu a takarda. Minti goma sha biyar, Bu Guru. In likitar ta shiga gidan yanzu za ta tambayi me ya sa ba ta zo ba. Daga nan ta tambayi sauran huɗun."

"Ta tambaya mana."

"Na aika an dubo ta. Ropiah ta ce ta yi gyatsa har sau uku, ta ce ta ji sauƙi. Iskar ta fita."

Bu Warsiti ba ta yarda da iska ba. Ba ta taɓa yarda da kwabo da man kwakwa ba, ta sha faɗa a kansu a gidan biki da gidan makoki har aka daina zama kusa da ita. Amma ranar, da idon mata arba'in a kanta, da uwar Kasmi a layi tana dogara sanda tana mata murmushi, sai ta ji tana son gyatsar nan ta zama gaskiya. Ta ce a ranta, minti goma sha biyar ne. Ta zauna.

Har ita aka auna. Likitar ce da kanta ta ɗaura mata, yatsunta da sanyi.

"Ɗari da talatin. Madalla, Mama. Mene ne sirrin?"

"Fansho," in ji Bu Warsiti. Zaure ya fashe da dariya. Fuskar likitar na kusa da tata, har tana jin ƙamshin sabulunta. Kalma huɗu ta isa ta gaya mata halin da Tarminah ke ciki. Ta dubi layin, saura biyar. Ta warware hannun rigarta.

Tana komawa kujera ta hango Ropiah ta taga. Ba ta shigo ba, don ba ta da anko. Tana tsaye a rana ba takalmi, hannuwanta na ƙyallin mai, ta riƙe su nesa da jikinta kamar ba nata ba.

"Barci ta yi, Bu Guru," in ji ta, da Bu Warsiti ta fito. "Ta ce in bar ta ta ɗan runtsa. Na je juya kifi na dawo. Na tashe ta, na tashe ta."

Tarminah na kwance a gefen dama, ta tattara gwiwoyi, zaninta ya zame. Bakinta a ɗan buɗe. Kofin ruwan citta na ƙasa ko rabi ba a sha ba, tururuwa sun kewaye shi. Bu Warsiti ta sa yatsu a wuyanta ta daɗe, duk da ta sani. Ta rufe mata ido, ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure mata haɓa, ta miƙar da ƙafafun tun ba su sandare ba. Tafin ƙafar duk faso ne, fari da gishiri.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Na kankare sosai fa," in ji Ropiah. "Wallahi har sai da ya yi baƙi-baƙi."

"Na sani, 'yata. Je ki ɗora ruwa."

Ba a jima ba Bu Lurah ta shigo tana haki. Ta durƙusa ta kama ƙafar gawar ta yi kuka, kukan gaske, don tare suka yi wasan ƙasa. Da ta share ido sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "An sa hannu. Shekara biyu."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Suna cin abinci yanzu. Na ce wa ladan ya ɗan dakata da sanarwa, rabin awa, su kama hanya tukuna. Bai kamata baƙo ya tashi daga kan abinci da labarin mutuwa ba. Tutar rasuwa ma a ɗan jira." Ta juyo. "Ko ba haka ba, Bu Guru?"

Bu Warsiti ta dube ta. Ta nemi fushin da ta saba samu a kusa, ba ta same shi ba. Wa za ta yi wa? Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta shiga nata gidan.

A garin nan in an yi rasuwa, takarda rawaya ake mannawa a tsinken gora a kafa a bakin lungu, duk mai wucewa ya sani. Tana da ragowar takardar a akwatin kayan makaranta. Ta yanka da almakashi, ta shafa dafaffiyar shinkafa a gefen ta manna, ta fito. Maƙwabta na leƙe ta ƙofofi. Ta kai bakin titi, ta ɗaure tsinken a jikin turken lantarki da zaren buhu, ta tsaya a gindinsa.

Motar baƙin ta taho wajen azahar, fara, gilasanta a rufe. Da direban ya ga tutar sai ya rage gudu, ya kashe kiɗa, kamar yadda kowane ɗan mutunci ke yi. A kujerar baya likitar ta ɗago daga wayarta. Ta gane tsohuwar nan mai ban dariya, ta haɗa tafukanta a ƙirji, ta ɗan sunkuyar da kai.

Bu Warsiti ma ta sunkuyar.

Ruwan teku ya fara hawa titi. Motar ta ratsa shi a hankali, ƙananan igiyoyi suka taho suka lashi ƙafafunta, suka koma. A samanta takardar ta ɗan saki a gefe ɗaya, inda shinkafar ba ta kama ba. Ta miƙa hannu ta danne wurin da babban yatsa, ta ci gaba da dannewa.