Batirin Kemis ɗin Miga

Shekara ashirin da biyu Malam Yahuza yana haɗa wuta a Dutse, kuma rabin masu aikin sola na garin a hannunsa suka koyi riƙon filaya. Shi ya sa da batirin da ya saka wa wani kemis a Miga ya shiga ɗaukewa, firjin allurai yana hucewa, sai da ya kwana uku yana kame-kame kafin ya yarda abin ya gagare shi. Batirin litiyam ne, irin na yanzu, shi kuwa da na ruwa ya saba. Mai kemis ya ce in alluran suka lalace, duk Miga sai ta ji sunan wanda ya yi aikin.

Ya ɗauki hoton batirin da na saitin inbata, na'urar da ke cajinsa, ya tura zauren WhatsApp na masu sana'ar. Girma ya hana shi cewa ya kasa, sai ya rubuta, "Me kuka gani?"

To wa zai gyara wa babba a bainar jama'a? Amsoshi suka yi ta zuba: "Aiki ya yi kyau, Baba." "Allah ya ƙara girma." Addu'a dai ya sha ta, firji kuwa yana nan yadda yake.

Bayan azahar wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, ina wuni? Hindatu ce, wadda ta shigo zaure makon jiya. Ƙarin haske nake nema. A takardar batirin na ga lambobin cajinsa daban da na batirin ruwa, a hoton kuma na ruwa na gani. Ko ni ce ban gane ba?"

Ta gane sarai, asirinsa take rufawa, kuma ya sani. Kunya ta kama shi. Ya ce, "Karanto min, 'yata. A hankali, ina rubutawa."

Ya hau motar Miga ya canja saitin, firji ya ɗauki sanyi. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da ba mai sani. Amma a tasha ya danna waya ya yi wa zauren magana da muryarsa: kuskuren nasa ne, ga inda yake, Hindatu ce ta gano shi.

Kafin motar ta iso Dutse, mutum huɗu sun rubuto cewa su ma haka suke saitawa, za su koma su gyara. Duk huɗun shi ya koya musu.